Ƙasar Bayan Ɗaki

Da Inna Tasalla ta fita takabar mijinta, sai ɗanta Bilyaminu ya ɗauko ta daga Adabka ya kawo ta gidansa a Gummi, wai a duba mata gwiwa. Gwiwa dai an duba, an sha magani, damina ta zo ta wuce, maganar komawa kuwa shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Gidan ba laifi. Bilyaminu malamin makaranta ne mai son tsabta, ya shafe tsakar gida da siminti tun daga zaure har bakin rijiya, matarsa Amira tana ta jin daɗi. Inna kuwa cewa take gidan da kaza ba ta samun wurin tono ba gida ba ne. Ita da ta saba tukunya na kan wuta ta zagaya bayan ɗakinta ta tsinko kayan miya, a nan sai an aika kasuwa, a kawo alayyahu duk ya yi yaushi. Kewar gida ta hana ta sakat, kuma ba ta ɓoyewa.

Da yake ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa.

"Kai wanga, yaushe za ka maishe ni?"

"Inna, bari hanya ta yi kyau."

"Hanyar Adabka? Tun ina ɗiya nike jiran ta yi kyau."

Sai ya yi dabara irin ta malamai. Ya jera bulo a jikin katanga, ya cika da ƙasar fadama da taki, ya sayo iri na cikin takarda ya shuka. Ganye ya fito shar. Inna ta riƙa ba shi ruwa, don ba ta iya ganin shuka da ƙishi, amma ranar da aka yi miya da shi loma biyu ta yi ta tsame hannu.

"Ganye dai ganye na, ban musa ba," in ji ta. "Amma in ba ka maishe ni yanzu, to ka ɗebo man ƙasata. Bayan ɗaki, gindin zogale, inda nika zuba toka."

Ranar Asabar ya hau babur ya tafi. Abin da ya tarar ya sa ya kasa ko kafe babur ɗin da kyau. Ɗakin Inna ya faɗi tun ruwan Agusta, ya kife ta baya ya danne zogalen, ruwa ya bi ya baje sauran. Baffa Sani, ƙanin mahaifinsa, ya tsaya gefe yana sosa ƙeya.

"Ɗakin da ba kowa ciki ba shi jimrin damina," ya ce. "Mun so mu aiko, sai munka ji nauyi."

Bilyaminu ya ari fartanya ya hau tono. Tudu ne kawai na jar ƙasa, ba a gane inda ɗaki ya ƙare bayan ɗaki ya fara. Ya cika buhu ɗaya a nan, ya matsa ya cika wani, ya ɗaure su a bayan babur. A hanya ya yanke wa kansa cewa zai faɗa mata, sai dai ba yau ba.

Inna ta kwance buhun farko, ta ɗebi ƙasa ta shinshina. Daga nan gidan ya shiga uku. Duk wani abu mai baki sai da ta kwashe: tsohon baho, bokiti mai yoyo, gindin fasasshiyar randa, har kwanon da Amira ke cewa za ta kai a liƙe. Ta cika su, ta jera a kan simintin nan mai daraja, ta yayyafa ruwa.

"Inna, ga sauran iri," in ji Amira.

"Aje abinki, ɗiyata. Irin na ciki."

Gaskiyarta kuwa. Ba a rufa mako biyu ba sai ga tsiro ko'ina, ba wanda ya shuka. Yakuwa, wadda take kira sure, da lalo, da rama, da gasaya, duk 'ya'yan da suka zube shekara da shekaru a bayan ɗakin. Inna ta riƙa bin su tana duƙawa da gwiwar da aka ce ba ta duƙo, tana yi musu sannu da zuwa. Ta fara cin tuwo har da neman ƙari.

Shi Bilyaminu ya ɗauka lambun zai zaunar da ita, ashe ƙaiƙayi ne ya koma kan masheƙiya. Ganin ganyen gida sai ya ƙara mata ɗokin gida. Ta shiga lissafin wanda zai yi mata yaɓe kafin ruwa ya sauka, da inda za ta kafe akuya. Shi kuma ya koma fita da wuri, in ya dawo ya daɗe a zaure.

Buhu na biyu ta juye shi a cikin tsohuwar tayar mota. Shi ne ya ƙi. Ta yi ta ba shi ruwa, ko ciyawa ba ta leƙo ba. Wata la'asar ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno, ta sa hannu tana tona ƙasar tana murje dunƙule-dunƙulen. Ɗaya ya ƙi murjewa. Ta ciro shi ta wanke da ruwan buta: faffaɗa ne, gefe ɗaya sumul, ya yi baƙi-baƙi da makubar ɗorawa. Daɓe ne. Da hannunta ta buga shi, ita da ƙawayenta suna waƙa, shekarar da aka sake rufin ɗakin.

Da Bilyaminu ya shigo da babur, sai ya same ta zaune da abin a tafin hannu.

"Kai wanga, zo nan."

Ya zo ya durƙusa.

"Wagga ƙasa ba ta bayan ɗaki ba ta. Ta cikin ɗaki ta."

Ya sunkuyar da kai. Amira da ke tankaɗe a bakin madafa ta tsaya cak.

"Ya hwaɗi ko?"

"Ya faɗi, Inna."

"Dut?"

"Duka. Tun damina."

Ba ta yi kuka ba, shi da ya fi son ta yi. Ta shafa daɓen da babban yatsa, ta dubi bahon yakuwa, ta dubi tayar da ba komai a cikinta.

"Ban ga laihinka ba," ta ce a hankali. "Amma da ina ciki, da bai hwaɗi ba."