Jarrabawar Mai Fenti

Dogo mai fenti ya faɗo daga tsani ana tsakiyar aiki, ƙeyarsa ta bugi siminti. Ya miƙe, ya karkaɗe wando, ya ce ba komai, har yana neman buroshinsa. A asibiti aka ɗauki hoton kansa, ba karaya, ba jini. Likita ta ce ƙwaƙwalwar ce ta girgiza a cikin ƙoƙon kai, kuma hoto ba ya nuna irin wannan rauni.

Ciwon da ba shi da bandeji kuwa bai cika samun 'yan dubiya ba. Haske ya dame shi, hayaniyar yara ta dame shi, ya shiga ɗaki ya tsaya yana tunanin abin da ya kawo shi. Ɗan kwangilar da yake wa aiki ya ce zai riƙe masa gurbi zuwa ƙarshen wata. In asibiti bai ce ya warke ba, zai ɗauki wani. Ba mugunta ba ce, gini ne ba ya jira.

Aka tura shi wani sashe inda ake bincike kan yadda irin wannan rauni yake warkewa. Mutum huɗu ke duba shi: likitar ƙwaƙwalwa, da mai gashi, wato mai gashin ƙashi, wanda ke lura da tafiya da jiri, da likitan ido, da wata mai gwada tunani. Kowa da ɗakinsa, sai ƙarshen mako su haɗu su tattauna abin da suka gani.

Matar Dogo malamar firamare ce, ta ƙare ƙuruciyarta tana shirya yara jarrabawa. Ranar farko ta zauna a kusurwa da jaka a cinya tana kallo. An karanta masa kalmomi an ce ya maimaita, an sa shi ya bi layi a ƙasa, an sa shi ya bi biro da ido. Malama ta gane abin nan take: jarrabawa ce. Jarrabawa kuwa ba ta taɓa ba ta tsoro ba.

Suna komawa gida ta ja layi da alli a falo.

“Watanni, daga ƙarshe zuwa farko. Bismillah.”

“Disamba, Nuwamba... Haba Malama, ni ɗan ajinki ne?”

“Da ɗan ajina ne da tuni ka sha ranƙwashi. Kan ne dai ba zai ɗauka ba. Ci gaba, baban yara.”

Ta koya masa ya kafa ido a wuri ɗaya in yana bin layi. Ta koya masa in an tambaye shi jiri, wannan makon ya ce kaɗan, mako mai zuwa ya ce babu. Dogo bai musa ba. Makinsa ya yi ta hawa, har mai gwada tunani ta ce ba ta cika ganin mai murmurewa da sauri haka ba. Malama ta sunkuyar da kai irin na wadda ba ta son yabo.

Ran Lahadi da rana ƙwan fitilar falo ya mutu. Dogo ya hau kujera, ya ɗaga kai da hannu biyu zai canza. Malama ta fito daga kicin ta same shi ya dafe bango, ido a runtse, gumi na bin wuyansa.

“Kujerar ce ke rawa,” ya ce.

Ta dubi kujerar. Ƙafafunta huɗu suna ƙasa daram. Ta karɓi ƙwan ta ajiye.

Ranar zama na ƙarshe duk huɗun suka taru a ɗaki ɗaya. Kowa ya faɗi nasa, kowa ya ce ya gamsu. Likitar ƙwaƙwalwa ta ɗauki biro, sannan ta waiwayo.

“Malama, mu a nan kawai muke ganinsa. A gida fa, yaya yake?”

Dogo ya dubi matarsa. Ita kuwa silin ta duba.

“Likita, ni na koya masa duk abin nan a gida. Amsa ya haddace. Yaron da ya haddace amsa kuwa canza masa tambaya ake yi. Ku sa shi ya yi fentin silin ɗin nan ku gani.”

Ba wanda ya yi faɗa. Mai gashi ya fita ya dawo da sandar goge ƙasa, ya miƙa wa Dogo, ya tsaya a bayansa. Dogo ya ɗaga kai ya fara kai da kawowa da sandar, hannun gwani, ba gargada. Ba a jima ba ƙafarsa ta hagu ta fara laluben ƙasa. Mai gashi ya cafke shi ta bel kafin ya kai ga tebur.

Likita ta ajiye biro. Ta ce irin wannan jiri yana jin magani, akwai atisayen da za a ɗora shi a kai, amma ba abin ƙarshen wata ba ne. Mai gwada tunani ta ce dole ta cire sakamakonsa daga binciken, ta kuma roƙi Malama ta faɗa mata ɗaya bayan ɗaya abin da ta koyar, don kada wata malamar ta sake yi musu haka.

A benci na waje Dogo ya kira ɗan kwangila da kansa, ya ce masa ya nemi wani ya ɗauka. Ya sa wayar a aljihu. Malama ta zauna tana jiran faɗa, ta ma tanadi amsarta. Ta san ita ta raba shi da aikin.

“Da kin yi shiru, ran Litinin hawa na shida zan hau,” ya ce.

“Na sani.”

“Tsoro nake ji, Malama. Tun da aka fara abin nan tsoro nake ji. Na ga kin dage da darasi, kullum kina murna na ci, sai na rasa ta inda zan faɗa miki.”

Amsar da ta tanada ba ta wannan maganar ba ce. Ta buɗe jaka, ta rufe, ta ce ya zauna tukuna, ba sauri suke yi ba.