Jemagun Lambun Haji Baharom

"Lambu ba ya buƙatar kowace halitta sai mai shi." Haka Haji Baharom ya faɗa mana a shagon kofin Mak Jah, mako guda bayan ya yi ritaya ya dawo daga birni, da muryar nan da ya saba rufe taro da ita. Ni malamin makaranta ne, ina gane kuskure idan na ji shi, don haka na gyaɗa kai na ce ai kuwa haka ne.

Mahaifinsa ya bar masa bishiyoyin duriyan bakwai, masu manyan 'ya'ya masu ƙaya da ƙamshi, a bayan gida, inda ake jiyo ƙarar teku, tare da Pak Seman wanda ya shekara talatin yana kula da su. Haji ya zagaya gadonsa da farin takalmi. Ya ga birai, ya ga guza kwance a magudanar ruwa kamar da sunansa aka rubuta takardar filin, duk ya haƙura. Jemagu ne suka ƙure shi. Da magariba suke tasowa daga itatuwan bakin laka su cika lambun, da safe kuma a tarar sun sa hannu da kashinsu a kan sabuwar motarsa.

Da bishiyoyin suka fara fure, sai ya sayo tsofaffin ragogin kamun kifi ya ce a lulluɓe su.

"Pak Haji, furen nan sai rana ta faɗi yake buɗewa," in ji Pak Seman. "Wa kake tsammani yake jira?"

"Ni yake jira, Seman. Ni ne mai lambun."

"To ai kai ba ka hawa bishiya."

"Kai ka hau. Shi ya sa ake ajiye ka."

Ya hau. Kwana huɗu ya yi yana ɗaurawa, bai bar kafar da ko malam-buɗe-littafi zai bi ba, domin shi mutum ne da ba ya ha'incin aiki ko da aikin banza ne.

Fure ya zube, ba ɗa ko ɗaya. A wannan shekarar kuma bishiya ɗaya tilo da ke bayan gidan Pak Seman ta yi 'ya'ya har sai da aka tokare rassanta da gora, matarsa Mak Esah ta kafa tebur a bakin titi.

Haji ya kira ni barandarsa, ya rage murya, ya fara da laƙabin da ake kiran malamai da shi a nan. "Cikgu, kai mai ilimi ne. Bishiya ɗaya ta cika tebur, bakwai ba su cika tafin hannu ba. Fahimtar da ni."

Shekara ashirin ina zana wa ɗalibai wannan amsar a allo: jemage ya sha ruwan furen, ya kai garinsa ga wani furen, sannan ɗa ya ƙullu. An tare su a nan, sun koma can. Amma na riga na gyaɗa kai a gaban mutane.

"Abin da mamaki," na ce.

Washegari ya je teburin da kansa, ya ɗaga guda ɗaya ta tsinken da ke kansa don kada ƙaya ta soke shi, ya daɗe yana shinshinawa.

"Wannan ƙamshin na bishiyoyin mahaifina ne."

"Au, naku har tambari suke da shi, Pak Haji?" in ji Mak Esah. "Saya ka kai musu su gani, ko sa ji kunya."

A shagon kofi an sha fama da tambaya guda: ta yaya ake sace abin da bai fito ba? Wasu suka ce tun suna ƙanana Pak Seman yake tsinke su. Mak Jah ta ce ita dai ta taɓa ganinsa yana binne wani abu a gindin bishiya ta uku, kuma bai gaishe ta ba. Haji ya sa aka tona. Aka sami kawunan kifi da ɓawon kaguwa, irin takin da kowane tsoho a garin nan yake sa wa shukarsa tun kafin a haife mu. Waɗanda suka binne irinsa a makon jiya su ne suka fi kowa riƙe baki. Daga ranar, idan Pak Seman ya shigo shago, sai hira ta koma kan ruwan sama.

Suraya, 'yar Haji da ta karanta aikin gona, ta zo hutu. Ta ga ragogin, ta shiga ɗakin girki da mahaifinta ta rufe ƙofa. Ta manta da taga, don haka duk layinmu ya ji darasin da ni ban bayar ba.

Da safe Haji ya kira Pak Seman. "Ragogin nan sun ruɓe, suna ɓata wa lambu kyau. Kwance su. Idan ka gama, ba sai ka sake zuwa ba."

Ta kan shingena na ga yana sauke su, yana zare busassun jemagu daga zaren ɗaya bayan ɗaya, ya binne su a gindin bishiya ta uku. Ya wanke fartanyar, ya jingine ta inda ya saba.

Da shekara ta zagayo, bishiyoyi bakwai suka cika maƙil.

"Kun gani?" in ji Haji a shagon kofi. "Tun da na raba lambun da mugun hannu." Motarsa kuwa yanzu a rumfa take kwana. Ya aiko mini da guda biyu.

Pak Seman yana gyaran raga a bakin gaɓa yanzu, idan masunta sun ba shi. Mak Esah ta mayar da teburinta babban titi, inda masu saye ba su san sunan kowa ba. Jiya na bi ta wajen Pak Seman.

"Cikgu, na ji an kai maka. Sun yi daɗi?"

Na ce sun yi.

"Madalla. Na bishiya ta ukun ne, ita ta fi zaƙi," ya ce, ya ciji zaren ya ci gaba da ɗinki.