Zobban Robar da Orrin Ya Ƙi Canjawa

Duk garin Wausau an san Orrin Pawlak da taurin kai, shi ma bai taɓa musawa ba. Da aka sa ranar auren 'yarsa Corinne, sai ya bugi ƙirji ya ce ba mai shan giyar kanti a bikin nan, shi zai dafa da hannunsa a gareji kamar yadda ya saba. Iyakar abin da zai iya yi mata ke nan, don bawan Allah bai iya jawabi ba, rawa kuwa kada ma a soma maganarta.

Tankunansa ba za su ishi taro ba, sai ya sayo na hannu, irin waɗanda gidajen abinci ke zuba lemo a ciki a da. Ya wanke su tas har suna ƙyalli. Lyle, ƙanin matarsa kuma abokin dafa giyarsa, ya ce masa ya cire tsofaffin zobban robar da ke murfi da bakin bututu ya sa sababbi. Orrin ya ce ya fesa ruwan sabulu ko'ina, ko kumfa ɗaya bai gani ba, iska ba ta fita, to a kan me zai canja?

"Mijin Yaya, ba yoyo nake ji maka ba," in ji Lyle. "Roba na riƙe ƙamshi. Sa hancinka ka ji."

Orrin ya ce hancin nasa ya girmi Lyle, ya ɗura giyarsa ya rufe.

Biki ya matso, ya tsiyayi kofi guda don ɗanɗanawa. Kumfa tubarkalla, launi kamar zuma. Yana kurɓa ya tsaya cak. Rutbiya! Baƙin lemon nan na yara mai ƙamshin saiwa ya bi giyar kaf, kowane tanki haka. Sabuwa kuwa sai ta yi makonni kafin ta nuna. Da Lyle ya ɗanɗana, ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa Orrin kunya ta rufe shi, ransa ya ɓaci ƙwarai.

Ya kira Corinne garejin kafin Lyle ya yayata shi. Kansa a ƙasa ya faɗa mata gaskiya, ya ce zai zubar ya sayo ta kanti. Ta karɓi kofin ta kurɓa, ta sake kurɓa.

"Baba, ka tuna ranakun Asabar in mun dawo daga kamun kifi? Wannan lemon kake saya mini, ka ce kar Mama ta ji." Ta shanye sauran. "Ka zubar mini da ita, to ka nemi wata amaryar da za ka raka coci ranar auren, ba ni ba."

Daɗi ya kama Orrin. Ya karɓi kofin, ya sake cika mata.