Sandar Tuƙi a Hannun Bodil

Ruwan sama yana ta yayyafi tun azahar, amma a kulob ɗinsu na masu jiragen ruwa ba a taɓa ɗage tseren yammacin Laraba saboda yayyafi ba. Bodil tana zaune a gindin Havlit, jirgin da ta gada daga mijinta, sandar tuƙi a hannunta kamar yadda ta saba tun ba ta yi furfura ba. Ƙanwarta Vibeke tana kula da igiyoyin zanen da iska ke bugawa ta tura jirgin. Tove da Ragna kuwa sun jeru a gefen da iska ke bugowa, ƙafafunsu a waje, suna danne jirgin da nauyinsu.

Tun bazara tsakiyar ganin Bodil ya fara dushewa. Duk abin da ta kafa wa ido sai ya narke, gefe-gefe kawai take gani. Vibeke kaɗai ta sani. Da kwamitin kulob ya ji, da an roƙe ta cikin ladabi ta sauka, don haka kullum addu'arta guda ce: Allah ya bar mata sandar har a fitar da jirage daga ruwa a ƙarshen kaka.

"Alamar da za mu zagaya tana gabanki, ɗan hagu, Yaya," in ji Vibeke a hankali, kanta a sunkuye kamar mai gyaran igiya.

"Ku 'yan gida ɗaya, gulmar wa kuke yi?" Tove ta tambaya ba tare da ta waiwayo ba. "In tawa ce, ku ɗaga murya in taya ku."

"Taki ta ƙare tun bara," in ji Ragna. "Matsa can, kin cinye gefen ke kaɗai. Wai ke mai rage ci."

"Da ba don cin nawa ba, da tuni kun kife."

Bodil ta yi murmushi. Iskar dai ba ta buƙatar ido. Tana jin ta a kuncinta da tafin hannunta, kuma a wannan yammacin jirgi ɗaya ne kacal a gabansu.

Ƙa'idar tsere ita ce jirgin da iska ke bugu ta dama shi ke da hanya. Havlit ta hagu take shan iska, ita ce ya kamata ta kauce. Vibeke ta durƙusa tana kwance igiyar da ta sarƙe, sai ihun wani namiji ya taso daga bayan zanen jirgi.

"Hanya! Havlit, hanya!"

Bodil ta duba inda muryar ta fito, ba ta ga komai ba sai toka-toka. Vibeke ce ta faɗo kan sandar da dukan jikinta. Jirgin ya karkata, farin jikin wani jirgi ya wuce su kamar bango, kusa ƙwarai har Ragna ta janye ƙafafunta ta faɗa da baya.

Bayan haka sai ƙarar ruwa kawai.

"Bodil," in ji Tove, yanzu ta juyo, "kai tsaye kike kallonsa."

"Zanen ne ya kare mata," in ji Vibeke.

"Zanen bai kare komai ba. Ni ma ina da ido."

Ragna tana murza gwiwarta. Bodil ta tuna cewa wannan mata tana da 'ya'ya ƙanana a gida, kuma da ƙafafunta sun makara da ƙiftawar ido, da wani zance ake yi yanzu.

"Karɓi sandar, Vibeke," ta ce.

"Yaya, saura kaɗan mu kai."

"Na ce ki karɓa."

Bodil ta rarrafa zuwa gefe. Tove ta matsa mata wuri ba tare da tsokana ba, abin da ya fi yi wa Bodil ciwo. Ta zura ƙafafunta waje, ruwan sanyi ya shiga takalmanta.

Jirage suka riƙa wuce su ɗaya bayan ɗaya. Tana jin shasshekar ruwansu. Ta jikin katakon da take zaune a kai ta gane Vibeke ta karkata kan jirgin wajen iska fiye da kima, Havlit tana rawar ɗari tana rage gudu. Ta buɗe baki za ta gyara mata, sai ta fasa. Ta riƙe igiyar ƙarfen da ke gefen jirgin da hannu biyu, ta ƙara miƙa nauyinta waje.