Babi na Tara

Siddiƙu malamin sakandare ne a Sakkwato, shekara uku yana rubuta littafi ɗaya. Jigon labarin wani ɗan kasuwa ne mai suna Gambo, mutum mai taurin rai. Bai faɗa wa kowa ba, amma yayansa Garba ya kwaikwaya, mai sayar da hatsi a tsohuwar kasuwa.

Malama Na'ima, wadda ke duba wa marubutan ƙungiyarsu aiki, ta mayar masa da takardun da jan biro a babi na tara.

"Nan ka ɓata shi," in ji ta. "Babi takwas mutumin nan bai taɓa nuna rauni ba. Sai kawai a ce masa ubansa ya mutu yana fushi da shi, ya fashe da kuka a gaban jama'a? Ban yarda ba."

"To me zai yi?"

"Kai ka san shi, ba ni ba."

Tushen abin da ke babin ya faru da gaske. Shekara goma sha biyu da suka wuce mahaifinsu ya rasu, Garba yana Illela sayen gero, kuma sun rabu da saɓani. Da aka ambaci sunan Garba a bakin gado, tsohon ya juya fuska bango. Siddiƙu kaɗai ya gani. Da Garba ya dawo, sai Siddiƙu ya ce masa Baba ya yafe, har ya sa albarka.

Ranar Laraba da hantsi Siddiƙu ya je rumfar yayansa. Garba na auna wa wata mata dawa. Siddiƙu ya zauna inda zai ga fuskarsa sosai.

"Yaya, maganar Baba. Ƙarya na yi maka. Bai yafe ba."

Ya faɗi komai, har juya fuskar.

Garba ya ƙarasa awon. Ya shafe bakin kwanon da tafin hannu, ya juye, ya ɗaure wa matar buhu. Sannan ya ce, "To." Can ya ƙara, "Ka karya kuwa?" Ya kira mai fura, ya sa aka dama wa ƙanensa.

Siddiƙu ya sha, ya koma gida, ya cire kukan daga babin, ya sa awon da furar. Na'ima ta ce babin ya fi kowanne.

Bayan sati biyu Safiya, matar Garba, ta same shi a ƙofar makaranta.

"Mi kac ce mai? Abinci sai na matsa. Ya daina zuwa maƙabarta ran Juma'a. Allon Baba da ke rataye a ɗakinsa ya sauke, ya naɗe cikin zane."

"Da ya sauke, ya yi magana?"

"A'a."

"Hannunsa na rawa?"

Ta dube shi. Ya riga ya zaro biro daga aljihu, yana laluben takarda. Ta gyara hijabinta, ta tare Keke Napep ta tafi.

Littafin ya fito bayan damina, aka yaba Gambo ƙwarai. Garba ba ya karatun boko, amma ya zo taron ƙaddamarwa cikin babbar riga, ta yi masa yawa yanzu. Ya zauna a baya, ya tafa lokacin da aka tafa.