Shafi Uku na Auta

Baba ya ɗaga takardar zuwa hasken taga, ya gyara tabarau, ya sake karanta jimlar karo na uku: "Mahaifina bai taɓa gudu a cikin ruwan sama ba; cewa yake mai gudu ma jiƙewa zai yi, ga haki a kai."

"Auta, ni na faɗi wannan?"

Tana bakin ƙofa tana laluben takalminta, jakar aiki a kafaɗa. "To wa zai faɗa, Baba? Ni da ko ganin Kaka ban yi ba?"

"Ta yi santsi da yawa. Kuma ina rigimata da Yaya a kan keke? Jiya na ba abin nan labarin tun daga tushe."

"Wataƙila ba ka danna ba. Sai na dawo, na makara."

Ba ta dube shi ba da ta faɗi haka. Shekara talatin da biyu ya yi yana koyarwa, ya san fuskar mai ɓoye amsa a hannun riga.

Tun bara da hannunsa na dama ya fara rawa biro ya gagare shi. Littattafai huɗu ya rubuta da hannun nan; na biyar, labarin ƙuruciyarsa, ya maƙale a babi na biyu. Auta, wadda ita kaɗai ta rage masa a gida tun rasuwar mahaifiyarta, ita ta kawo masa wata 'yar rakoda mai girman akwatin ashana. Da safe sai ya zagaya bayan layi yana zuba mata abin da ya zo masa, Auta kuma ta buga da yamma. Shi bai taɓa saurara ba, don ya tsani jin muryarsa. Da farko ya yaba. Amma kwanan nan shafukan sun fara fitowa a gyare tsaf, kamar ɗakin da aka share kafin baƙo ya shigo. Kuma ya san Auta ba ta son a tono tsohuwar gaba tsakaninsa da yayansa, tunda 'ya'yan marigayin suna nan da ransu.

Tana fita ya jefa rakodar a aljihu, ya naɗe shafuka ukun da ta buga masa jiya, ya ɗauki sanda. Bai shiga shagon buga takardu na kan kwanarsu ba. Mai shagon ƙawar Auta ce. Bas ya hau, ya wuce tasha huɗu, ya sauka a gaban wani shago da bai taɓa shiga ba, tsakanin mai ɗinki da mai gyaran agogo.

Matar da ke ciki tana fama da injin kwafi da ya haɗiye takarda. Ta goge hannu, ta jawo masa kujera.

"'Yata, so nake ki buga mini duk abin da ke cikin nan na jiya. Kada ki gyara, kada ki rage. Ko tari na yi, ki rubuta tari."

"Shari'a ce, Baba?"

"Kusan haka."

Ta jona rakodar a kwamfuta, ta toshe kunnuwa da wayar sauraro, ta fara bugawa. Baba ya kafa mata ido. Can ta dakata, ta mayar baya, ta saci kallonsa. Da wayarta ta yi ƙara sai ya miƙa wuya ya ga ko Auta ce ta gano shi. Mai neman hoton fasfo ne. Sau biyu yana tashi ya leƙa allon, sau biyu tana cewa, "Zauna abinka, Baba, ba na cin kalma."

Sai bayan azahar injin ya fara tofo takardu. Tara suka fito.

"Tara!" Ya buga sanda a ƙasa. "Ita uku ta ba ni. Kin gani ko? Shida ta haɗiye."

Matar ta tattara takardun. Ta haɗa su da ƙusa, ta miƙa masa da hannu biyu, ta koma ga injinta.

Ya fara karantawa a nan kan kujera, yana neman keke. Ya same shi a shafi na farko: "Ranar da aka kawo keken, Yaya ya... ya... wato keken baƙi ne." Daga nan sai maganar wani malamin lissafi. A shafi na uku aka sake kawo keken, wannan karon kore. A na biyar ma aka kawo shi. Ba a taɓa hawansa ba, balle a yi rigima. Tsakanin nan da can akwai tari, akwai gaisuwa da mai shara, akwai wata tambaya da ke ta dawowa: "Ina na tsaya?" Ya bi ta da yatsa yana ƙirgawa. Goma sha ɗaya.

A shafi na shida ya ga ya ce, "Maman Auta, mene ne ma sunan rafin nan?" A ƙarƙashinsa matar ta rubuta: shiru, minti biyu.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe kafin ya mayar. Sannan ya nemi jimlar ruwan sama. Rabinta na farko yana shafi na biyu. Jiƙewar tana na bakwai. Hakin yana can ƙarshen na tara, shi kaɗai, bayan tari. Babu kalma ɗaya da ba tasa ba.

"Ta ƙara wani abu, Baba?" in ji matar a hankali.

"Ba ta ƙara ba."

"To wadda ta tsinto uku daga cikin taran nan ta sha zama. Ni da kawai na bi sawu, kaina ciwo yake."

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya sauka daga bas. Tun daga nesa ya hango Auta a ƙofar gida, ko kayan aiki ba ta cire ba, waya a kunne, tana duban gabas da yamma. Da ta gan shi ta taho da sauri.

"Baba! Ina ka shiga? Na kira babban yayana, na zagaya bayan layi sau biyu..."

Idonta ya sauka a kan takardun da ke hannunsa, da hatimin shagon a kusurwa. Ta sunkuyar da kai kamar mai jiran hukunci.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Wata uku. Wasu ranakun lafiya lau kake, wallahi. Na rasa ta inda zan fara gaya maka ne."

Ya gyaɗa kai. Ya zaro rakodar daga aljihu, ya juya ta a tafin hannunsa mai rawa, ya saka mata a nata.

"Abin nan kunne gare shi, ba shi da baki. Sau goma sha ɗaya na tambaye shi inda na tsaya, ko uffan. Ƙarfe nawa kike fita aiki?"

"Takwas."

"To gobe ƙarfe shida ki sa takalmi. Ke za ki riƙe shi, ni in yi magana. In na ɓata, ki juyo da ni."

Ta share ido da bayan hannu, ta karɓi sandarsa, ta ba shi kafaɗa. Suna hawa matakalar ƙofa ta ce, "Baba, keken nan, baƙi ne ko kore?"

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama, ya yi tunani sosai.

"Danna tukuna," ya ce.