Shagon da Ba a Buɗewa Ran Asabar

Chigozie ya shekara goma sha ɗaya yana sayar da kayan babur a Tudun Wada, kuma ba wanda ya taɓa ganin ƙofar shagonsa a buɗe ran Asabar. Mutumin kudu ne, Ibo, amma ba coci yake zuwa ba. Addinin Yahudawa yake bi shi da iyalinsa, kamar yadda ya tarar da mahaifinsa. Daga faɗuwar rana ran Juma'a har ta sake faɗuwa ran Asabar ba sa ciniki, ba sa hura wuta, ba sa rubutu. 'Yan acaba sun saba. Mai neman falogi ya san ya zo tun Juma'a da safe.

Makaranta ce ba ta sani ba. Ɗansa Ikechi yana aji uku a sakandaren gwamnati, kuma a bana aka tsiro da darasin Asabar saboda jarrabawar fita, har da gwaji kowane mako. An ce duk wanda ya rasa gwaji huɗu ba za a miƙa sunansa ba. Ikechi ya rasa uku.

Ran Laraba yaron ya dawo gida idonsa jawur, babu 'yar ƙaramar hular da yake sawa a ƙarƙashin ta makaranta. Da ƙyar uban ya samu ya yi magana. Wai abokin zamansa Adnan ne ya tambaye shi me ke hana shi zuwa ran Asabar, shi kuma ya gaya masa gaskiya. Kafin a fita tara duk aji ya ji. Aka kewaye shi, wannan ya ce Bayahude, wancan ya ce ai su ne ake nunawa a talabijin suna kashe mutane. Adnan ya fizge hular ya cilla ta saman kwano.

Chigozie ya sauko da jakar tafiya daga kan kabad, ya ce da matarsa ta haɗa kayan yaron, Lahadi ta sama zai sa shi a mota zuwa wajen kawunsa a kudu. Ikechi ya fashe da kuka. A Zariya aka haife shi, Hausarsa ma ta fi Ibonsa.

Ran Asabar da hantsi suna zaune a falo sai suka ji sallama. Malam Nagoda ne, malamin ajinsu Ikechi, rajista a hammata, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Baban Ikechi, ba zan ɓoye maka ba, kama ku na zo yi," in ji shi bayan sun gaisa. "Na ce lallai shago kake kai yaron nan ran Asabar, tun da ranar ciniki ce. Na je na tarar da kwaɗo. Mai faci na gefenka ya dube ni ya ce, Malam, kai baƙo ne a garin nan?"

Chigozie ya ba shi kujera. Babu halin dafa shayi, sai matarsa ta kawo zoɓon da ta haɗa tun jiya. A hankali ya yi wa malamin bayanin ranar hutunsu, ya kuma faɗa masa zancen hula, ya nuna masa jakar da ke jingine a kusurwa.

Malam Nagoda ya daɗe yana kallon jakar. "A ajina aka yi wannan, ni ina ofis ina lissafa shi cikin 'yan fashin makaranta. Me ya sa ba ka zo ka same ni ba?"

"Tsoro, Malam. Na ce in na faɗa abin zai ƙaru."

"To ka ji. Juma'a tamu ce, Lahadi ta Kiristoci su Ernest, yanzu Asabar ta zama taku. Saura kwana huɗu mu yi karatu, sun isa." Ya zaro biro ya miƙa masa. "Rubuta wa shugaban makaranta layi biyu, in tafi da ita yanzu."

"Malam, yau ba na rubutu."

Malam Nagoda ya dubi biron, ya dubi Chigozie, ya tuntsire da dariya. "Ka ga ni, ko tashi ban yi ba na manta! Bari ni in rubuta, ka sa hannu Litinin. Jakar nan kuma ka ba ni mako ɗaya kafin ka taɓa ta."

Litinin da yamma Ikechi ya shigo shago da gudu, hularsa a tsakar kai, ta ɗan koɗe da rana. Ya ce Malam ya aro tsani wajen maigadi, ya sa Adnan ya hau ya ɗauko ta a gaban kowa, ya kakkaɓe ta da hannunsa. Sannan ya tambayi aji wa ya taɓa ganin Ikechi a talabijin. Ba wanda ya ɗaga hannu. Ya ce to shi ma bai taɓa ba, a nan yake ganinsa shekara uku, kuma duk wanda ya sake zagin yaro da addininsa da shi zai yi. Gwaji kuwa, shugaba ya yarda ya riƙa rubuta nasa ran Litinin lokacin tara.

Washegari Chigozie ya rufe shago da tsakar rana, abin da bai saba ba, ya tafi makarantar ya riƙe hannun Malam Nagoda da hannu biyu yana ta sa masa albarka, har malamin ya ji kunya ya ce ai aikinsa ne, kuma ya makara ma.

Lahadin da aka sa za a yi tafiya, da safe, aka buga ƙofa. Adnan ne, yana sunkuyar da kai, littafi a hannu.

"Ina kwana, Baba. Malam ya ce in kawo wa Ikechi darasin jiya ya kwafa."

"Malam ne kaɗai ya ce?"

Yaron ya sosa ƙeya. "Da Innata."

Chigozie ya matsa ya ba shi hanya. Ya bar su suna gardama a kan wa ya fi mummunan rubutu, ya shiga ɗaki ya zuge jakar, ya fara fitar da rigunan Ikechi ɗaya bayan ɗaya.